Karsana Mai Sabuwar Igiya

Shafi na 27

Masu turo min saƙo tun jiya cewa na bar Atiku tsaye da akushi a hannu, na ji ku. Wata baiwar Allah har ta rantse in ban sasanta tsofaffin nan yau ba, ni da ita sai an nemo mana namu mai sulhun. To ku matso kusa, amma kada wanda ya ce na yi masa alkawari.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, ga inda muke. Shekarar 1992 ce, ƙarshen kaka. Atiku shi ne jami'in da ke sasanta manoma da makiyaya a ƙasar Gwandu, shekara tara yana yawo a kan tsohon baburinsa, kuma bai taɓa barin rigima ta kai gaban alƙali ba. Sai ga wadda ta fi ƙarfinsa, kuma ba ta baƙi ba ce. Ardo Jibrin mai ruga a bayan Maruda da Baba Lawal manomi abokai ne na shekara talatin. Duk shekara in an kwashe amfani, a gonar Baba Lawal shanun Ardo ke kwana, su ci kara su bar taki, su kuma tsofaffin su sa hannu a akushi ɗaya. Bana wata safiya aka tarar da jar karsanar Ardo a tsakiyar waken Baba Lawal da guntun igiya a wuya, ta yi ɓarna son ranta. Baba Lawal ya ja ta zuwa gidan maigari, Ardo ya aiko cewa shi ba zai karɓa ba, ai ba tasa ba ce. Atiku ya haɗa zaman sulhu, ya sa aka zuba tuwo a akushin nan nasu, Ardo ya kau da kai ya ƙi ci a gaban jama'a, ya tashi ya tafi. Yanzu magana ta cika gari cewa Ardo zai tashi da rugarsa, kuma ba zai dawo ba.

Safiyar Alhamis, Atiku na zaune a tsakar gidansa a Gwandu, kokon da matarsa Kubura ta dama masa har ya yi fata. Kwana uku ke nan da zaman sulhun, kuma kwana ukun nan ba wanda ya ga haƙorinsa. Ba kunyar a ce ya kasa ce kaɗai ke cinsa ba. Yana son tsofaffin nan biyu, so na gaske. A gonar Baba Lawal ya koyi rabin aikinsa lokacin yana sabon ɗauka, yana kallon yadda suke kashe rigimar yaransu da tsokana kafin ta isa kunnen maigari. In waɗannan biyu suka rabu, bai san da wane baki zai sake ce wa wani manomi da wani makiyayi su zauna lafiya ba.

Kubura ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ita dai kullum nunawa take aikin nan bai dame ta ba. In ya dawo da warin garke a riga, Alƙalin Shanu take kiransa, amma ita ce ke ɗora ruwan wanka tun kafin ta ji ƙarar babur.

"Alƙalin Shanu, kokon ga ya mutu."

"Bar shi nan."

"Na bar shi tun ɗazu, shi as sa yam mutu."

Ko murmushi bai yi ba. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta tambaye shi su wa da wa ya ji ta bakinsu a kan rigimar. Ya ambaci maigari, da liman, da ƙannen Ardo, da maƙwabtan gona. Ta ce to duk masu gemu ke nan. Ita kuwa jiya mai kawo mata nono daga rugar ta zo, ta ɗan zungure ta da maganar, tana jiran ta ji zagi. Matar sai ta ja bakin zane ta rufe baki.

"Malam, na san hushi in na gan shi, shekara goma sha ɗaya ina zaune da kai. Matar nan ba hushi taka yi ba, kunya taka ji. Da nim matsa mata, sai tac ce a tambayi Goggo ta Kalgo."

Atiku ya ɗago kai. Goggo Fatsuma yayar Ardo ce, kuma ƙawar mahaifiyarsa Kulu tun suna 'yan mata suna tallar nono tare, kafin Kulu ta auri masunci ta bar ruga. A bakin Kulu ya sha Fulatanci, kuma taƙamarsa ke nan a wurin aiki, cewa shi ɗan gida ne a gari, ɗan gida a ruga. Amma ko sau ɗaya Goggo ba ta faɗo masa a rai ba. Ya ɗauki kokon nan mai sanyi ya shanye a tashi ɗaya, ya nufi zaure. Kubura ta bi shi da hularsa tana faɗin ko na gode ba a samu ba, ya juyo ya karɓa ya ce ta yi masa addu'a dai.

Rana ta ɗaga sosai kafin ya isa Kalgo. Ya tarar da Goggo Fatsuma a rumfar ƙofar ɗakinta, a gidan ɗanta da ke bakin gari, ƙafar dama a miƙe an ɗaure ta da karan ɗori. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin ido, irin waɗanda in sun dube ka sai ka shafa aljihu ka ji ko ka ɗauko abin wani. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa suka gaisa da Fulatanci, ta amsa da jam, jam, tana ƙare masa kallo. Ta ce ta ɗauka sai rugar ta tashi tukuna zai tuna da akwai ta.

Ta sa aka kawo masa nono a ƙoƙo. Ya ɗan yi jim, don ƙa'idarsa ce ba ya shan ko ruwa a gidan ɓangare ɗaya sai ya tabbata zai sha a ɗayan kafin rana ta faɗi. Ya lissafa nisan Maruda a ransa, ya ce bismillah ya sha.

Ya fara kwararo mata bayani yadda ya saba yi wa manyansa, ta ɗaga hannu.

"Ɗan Kulu, ni zan tambaya, kai ka amsa. Ran sulhun naku, ina Jibrin yat tuɓe takalminai?"

Ya yi tunani. "Can nesa, Goggo. Tun bakin itacen ɗorawa."

"Da can ina yaka tuɓewa?"

"Bakin tabarma. Wani lokaci ma har Baba Lawal na mai tsiya ya tako mai tabarma da kashin shanu."

"Ya hau tabarmar?"

"A'a. A ƙasa yaz zauna."

"Ya kira Lawal da sunanai?"

Atiku ya tuna. Shekara da shekaru Lawali Sarkin Rowa Ardo ke kiran abokinsa da ƙarfi tun daga bakin gona. Ran nan kuwa ko sau ɗaya sunan bai fito daga bakinsa ba, kuma idonsa na ƙasa har ya tashi. Shi Atiku duk ya gani, kuma duk ya fassara su da fushi.

Goggo ta gyara zaman ƙafarta ta tambaye shi igiyar da ke wuyan karsanar. Ya ce sabuwa ce fil, fara, saƙar hannu. Ta tambaya ko ya ga turke. Ya ce ya gani mana, an kafa shi a gindin marke a gefen gonar, shi ne ma abin da ya fi ɓata ran Baba Lawal, don ya nuna da gangan aka kawo ta.

"Da gangan anka kawo ta," in ji Goggo. "Jibrin da kainai yas saƙa igiyar nan, kwana shida. Shi yak kafa turken."

"To don mi, Goggo?"

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya sa riga a baibai ranar salla.

"Rabinka na ruga kwana yaka yi, ɗan Kulu. Gaban wa namiji ka tuɓe takalmi daga nesa, ya zauna ƙasa, ya ƙi kiran suna, ya ƙi tauna abinci?"

Atiku ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa.

"Gaban suruki," ya faɗa a hankali.

Daga nan ta warware masa komai. Yusufu, ɗan farin Ardo, shi ke son Salamatu, 'yar Baba Lawal, malamar da ke koyar da yaran ruga karatu a gindin tsamiya. Shekara guda suna fahimtar juna, kuma ba yara ba ne su biyun. To a gidansu Ardo, haka suka taras tun kakanni, uba ba ya buɗe baki a kan auren ɗan fari, ko sunansa ba ya kira balle ya je nema masa mata. Sai dai ya zaɓi karsana mafi kyau a garke, ya saƙa mata sabuwar igiya, ya ɗaure ta a gefen gidan ko gonar uban yarinya kafin gari ya waye. Da hantsi sai wata babba a dangi ta iso da ƙwaryar nono da goro ta faɗi abin da ke tafe da su. In uban yarinya ya shigar da karsanar gidansa ya ɗaure, an karɓa. In aka maido ta ruga a kan igiyarta, an ƙi, kuma ba a sake tambaya har abada. Tsakaninsu kowa ya san wannan, amma ba su taɓa kai igiya gidan mutanen gari ba sai wannan karon.

"Ni ce bakin," in ji Goggo. "Ni ad da zuwa da goron. Daren tahiya nis sulɓe bakin rijiya, ga ƙafar nan kana gani. Na ba direba saƙo ga Jibrin, sai bayan kwana biyu yak kai. Ita kuma jar banza tag ga wake, tat tsinke igiya."

Ardo na zaune a ruga yana jiran albishir, sai ya ji an ja karsanarsa ta tsakiyar gari an kai gidan maigari kamar ɓarauniya. Ya zo nan Kalgo, ya zauna daidai inda Atiku ke zaune, ya kasa shan ko ruwa. Goggo ta ce masa Lawal bai sani ba ne, a aika a gaya masa. Ya ce abokin shekara talatin da ya ga sabuwar igiya da turke bai tsaya ya tambaya ba, ya kai shi ƙara, to ya riga ya ba da amsa. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta aika gidan Lawal ba, ya kuma tura Yusufu fadama da rabin garke don kada a ga idonsa.

"Alkawarin gidan Lawal niy yi," ta ce. "Ban yi na ɗan Kulu ba."

Kunya ta rufe Atiku. Shi da hannunsa ya tura akushi gaban mutumin da ke jin nauyin suruki, a gaban rabin Maruda, yana ta faɗin bismillah Baffa, bismillah. Ya tuna yadda tsohon ya kau da kai, ya ji kamar ya yi kuka. Ya ce wa Goggo shi ya ɓata al'amarin nan, ta ce ƙwarai kuwa, amma ita da rijiya sun riga shi.

Ya tambaye ta yaushe Ardo ya sa ranar tashi. Ta ce sau uku yana sawa yana ɗagawa, yau ya ce wata saniya na ɗingishi, gobe ya ce jaki bai ƙoshi ba.

"Ba saniya ba ta, ba jaki ba na. Muddin karsanar nan ba ta komo ruga bisa igiyarta ba, zuciyarshi na riƙe da ɗan zare. Ran da yag ganta bakin garke, ko rana ta faɗi sai ya ɗaura kaya. Na san ƙanena."

Atiku ya miƙe yana neman takalminsa. Ta kira shi ya dawo, ta kwance bakin zanenta ta ciro goro uku, sun ɗan yanƙwane don sati biyu ke nan tana yayyafa musu ruwa. Ta zuba masa a tafin hannu ta rufe da nata.

"Ƙafata ta ƙi. Kai ne bakin yanzu."

Ana shirin la'asar ya shiga Maruda. Baba Lawal na ƙofar zaurensa yana ɓarar ɗan waken da ya tsira, fuskar nan a murtuke. Dattijo ne mai faɗin ƙirji da saurin hawa, kuma duk garin an san saurin saukarsa ya fi. Tsakaninsa da baburin Atiku akwai tsohuwar gaba, ya sha rantsewa ko gawarsa ba za a ɗora a kan jakin ƙarfen nan ba. Yana ganinsa ya ce in maganar mutumin nan ce ta kawo shi, to ya juya tun injin bai huce ba.

Atiku ya ce shi ruwa ya zo sha. Ba a hana baƙo ruwa, don haka Baba Lawal ya ƙwala wa matarsa Inna Larai kira ta miƙo moɗa ta bayan zana. Atiku ya sha, ya zauna ya ja kwandon waken gabansa ya shiga taya shi ɓara. Wata ƙa'idar tasa ke nan: ba ya miƙa wa dattijo gaskiya a hannu, gefenta yake ajiye shi ya bar shi ya tsinta da kansa.

Sun yi ɓara mai ɗan yawa kafin ya ce, "Baba, wata tambaya gare ni, ba ta shanu ba."

"Allah ya sa."

"Mahaifin Inna Larai, kun taɓa cin abinci tare?"

Baba Lawal ya dube shi kamar ya zare. Ya ce wace irin tambaya ce wannan, shekara ashirin da biyu suka yi da marigayin bai taɓa ganin ya tauna ko goro ba. Wata rana ma a kasuwar Dodoru ya hango shi tafe yana tsakiyar cin ƙosai, haka ya haɗiye shi da zafinsa har ya yi kwana biyu ba ya jin ɗanɗano. Daga bayan zana aka ji Inna Larai ta yi dariya.

"In kun haɗu a hanya fa, takalmi?"

"Tun daga nesa nika tuɓewa. Kai yaron ga, mi kaka nema?"

"A tabarma ɗaya kuka zama?"

"Ni da surukina? Ƙasa nika..."

Bai ƙarasa ba. Kwanson waken da ke hannunsa ya tsaya a sama. Atiku bai ɗago ba, ya ci gaba da ɓararsa. Yana jin numfashin tsohon na sauyawa, yana jin sa yana komawa ranar Litinin da kansa, yana ganin takalmin Ardo a bakin ɗorawa.

"Jibrin ƙasa yaz zauna," in ji Baba Lawal, muryarsa ta yi ƙasa. "Bai kira sunana ba."

"Bai kira ba."

"Atiku, kada ka yi min wasa. Ni surukin wa?"

Sai a lokacin Atiku ya sa hannu a aljihu, ya ciro goron nan uku ya ajiye a kan tabarma a gabansa, ya gyara zama ya durƙusa sosai yadda manzo ke yi. Ya ce Goggo Fatsuma ta Kalgo na gaisuwa, ta ce a yi haƙuri goron ya makara sati biyu, ƙafa ce ta karye. Gidan Ardo Jibrin na neman iri a gidan Malam Lawal, suna roƙa wa Yusufu auren Salamatu. Karsanar da aka gani a gindin marke ita ce sallamarsu. Ya faɗi abin da shigar da ita gida ke nufi, ya faɗi abin da mayar da ita ke nufi.

Baba Lawal ya daɗe yana kallon goron. Da ya buɗe baki, faɗa ne ya fito, amma hawaye na bin gemunsa.

"Tsohon banza. Shekara talatin hannuna da nashi cikin akushi guda. Ran da uwata tar rasu shi yaf fara shiga kabarin. Ba shi iya buɗe baki ya ce Lawali ba ni ɗiyarka? Da na ba shi har da waken."

"Baba, ran da aka nema wa babban ɗanka aure, kai kat tahi?"

"Ni? Wa ka zuwa neman auren ɗan fari?" Ya tsaya, ya share fuska da hannun riga. "Kai dai Allah ya shirye ka."

Ya ce amma duk da haka sai an ji ta bakin yarinyar, shi ba ya yi wa 'ya'yansa dole. Inna Larai ta leƙo da kanta ta gefen zana ta ce ya huta da wannan wahalar. Shekara guda ke nan Salamatu na dawowa daga makaranta da man shanu tana cewa iyayen yara ne suka ba ta, kuma ita Larai ba ta taɓa ganin iyayen yaran da ke ɗaure bakin ƙoƙo da jan zare ba. Ta ce yarinyar ta gaya mata an ce manya za su zo, tana ta jira, sai ga rigima ta zo a maimakonsu. Sati biyun nan ko tuwon kirki ba ta ci.

"Kuma kin sani kika yi shiru?"

"Ka tambaye ni? Kana ta hargowar wake."

Atiku ya yi dariyarsa ta farko a kwana uku, har da riƙe ciki. Ya ji yana son kowa a gidan nan har da akuyar da ke cin kwanson wake. Ya ce to abin da ya rage mai sauƙi ne. A je gidan maigari yanzu a karɓo karsanar, Baba ya jawo ta da hannunsa ta tsakiyar gari yadda ya kai ta, ya ɗaure ta a tsakar gidansa. Kafin magariba labari zai kai ruga, shi kuma zai bi bayan labarin.

Baba Lawal ya kau da ido. Dariyar da ta fara buɗe fuskarsa ta koma ciki.

"Baba?"

"Ba ta gidan maigari."

"Tana ina?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce da safen nan maigari ya aiko cewa sati biyu sun isa, mai dabba ya ce ba tasa ba ce, to ta zama ta mai gona. Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, ya ce ba ya son ko ganin inuwarta. Ya ce a kai wa Sarkin Fawa, gobe Juma'a a yanka a raba sadaka a ƙofar masallaci.

Inna Larai ta yi salati. Atiku ya riga ya kai wurin babur. Yana taka shi ya ji an kama kafaɗarsa ta baya, baburin ya lotsa. Baba Lawal ne ya haye, ya tattare babbar rigarsa, ya rungume cikin Atiku da hannu biyu, idonsa a rufe gam.

"In ka kashe ni, Allah ya isa. Tahi."

Mutanen Maruda sun sha kallo ran nan, amma ba wanda ya samu damar tsokana. Sarkin Fawa na ƙofar gidansa yana wasa wuƙa a kan dutse, ya miƙe da ganinsu. Baba Lawal bai jira an tsaya sosai ba ya diro, ya leƙa garkar da ake ɗaure dabbobi. Turke na nan, ga ɗanyen kashi, ba karsana.

"Ka yanka?"

Sarkin Fawa ya ce wane irin yanka tun Alhamis. Ya ce shi ma yana shirin zuwa ya faɗa masa, kada a ga laifinsa. Malama Salamatu ce ta zo, idonta jawur, ta ce dabbar nan ba za ta mutu a kan rigimar tsofaffi ba. Ya ce mata umarnin mahaifinta ne, ta ce ita za ta ɗauki faɗan. Da hannunta ta kwance ta, har ta tsaya ta ƙulle guntun farar igiyar nan da ta tsinke.

Atiku ya matso kusa da shi.

"Gida tan nuhwa da ita?"

"A'a. Cewa tay yi za ta mai da ita ga masu ita. Ta ce da hannunta za ta sa igiyar cikin hannun Ardo, ko Allah ya sa ya huce ya fasa tashi."

Ya ɗaga wuƙar ya nuna siririyar hanyar da ta bi ta cikin kwari zuwa ruga. Ya ce tun kafin kiran la'asar ta wuce. Su duka uku suka dubi rana, ta riga ta yi ja a kan itatuwa.

"Ba ta sani ba," in ji Baba Lawal. "Ɗiyata ta tahi ta ƙi mijin da taka so, da hannunta, ba ta sani ba."

Atiku ya haye babur ya taka. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake takawa, ya sake, gumi na zuba a idonsa. Da ya ɗago don ya ce Baba ya ɗan tura masa, ba kowa a bayansa.

Baba Lawal ya riga ya kai bakin kwarin. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, yana gudu yana kiran sunanta.